WAIWAYE ADON TAFIYA: Angola, Shekara 27 Ana Yaƙi Cikin Rigunan Aro

 A wannan mako filin namu zai ƙetara zuwa kudu maso yammacin Afirka, watau ƙasar Angola, inda aka gwabza ɗaya daga cikin yaƙe-yaƙen basasa mafiya tsawo da muni a wannan nahiya. An soma shi cikin 1975, bai ƙare ba sai cikin 2002. Yaron da aka haifa ran da ƙasar ta sami mulkin kai sai da ya cika shekara 26 kafin ya ga ranar da bindigogi suka yi shiru ɗungum. Ana ƙiyasin mutanen da suka halaka sun kai 500,000 ko fiye, waɗanda suka bar gidajensu kuwa wajen miliyan 4.

Labarin ya shafe mu ƙwarai, gama Nijeriya ta sa hannu a cikinsa tun farkon fari, har ma a tsibirin da ke bakin birnin Luanda akwai wani babban titi mai sunan marigayi Janar Murtala Muhammed. Masu rubuta tarihi sukan kira wannan yaƙi yaƙin aƙida, watau karo tsakanin 'yan gurguzu masu bin Rasha da 'yan jari-hujja masu bin Amurka. Akwai gaskiya cikin wannan magana. Amma wanda ya bi sawun shugabannin da suka ja ragamar yaƙin ɗaya bayan ɗaya zai so ya tambaya, shin aƙidar ce ta ja su, ko kuwa su ne suka ja ta zuwa inda suke so?

Mulkin Fotigal

Turawan Fotigal sun iso bakin kogin Kwango tun cikin shekarun 1480, suka kafa Luanda cikin 1576, suka yi ɗaruruwan shekaru suna kwasar bayi daga nan zuwa Barazil. Sa'ad da Ingila da Faransa suka shiga sakin ƙasashen da suke mallaka, sai gwamnatin kama-karya ta Antonio Salazar ta kafe a kan cewa ita ba ta da ƙasashen mallaka, larduna ne nata da ke ƙetaren teku. Ana sa baƙar fata aikin tilas a gonakin kofi da na auduga. Waɗanda hukuma ta yarda sun waye har ta ba su 'yancin ɗan ƙasa kuwa, cikin 1950 ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Tura ta kai bango cikin 1961. Ran 4 ga watan Fabrairu aka kai hari kan gidajen kurkuku a Luanda don a kuɓutar da fursunonin siyasa. Ran 15 ga watan Maris kuma arewacin ƙasar ya kama da wuta, aka afka wa gonakin Turawa, aka kashe su da ma'aikatansu baƙar fata da aka kwaso daga kudu. Fotigal ta mai da martani da jiragen sama da kisan kan mai uwa da wabi, dubban mutane suka mutu, wasu dubbai suka tsere Kwango. Daga nan aka shiga yaƙin neman 'yanci na shekara 13.

Sai dai tun ran gini ran zane. Maimakon ƙungiya ɗaya, uku suka fito, kowacce da yankinta da ƙabilarta da shugabanta. Abin lura shi ne, dukkan shugabannin uku sun fito daga makarantun mishan, kowannensu daga ɗariƙar da ta yi kaka-gida a yankinsu, watau tun a aji aka soma raba musu hanya.

Likita, Suruki Da Ɗan Tasha

Na farko shi ne Dokta Agostinho Neto, shugaban MPLA. An haife shi cikin 1922 a kusa da Luanda, ubansa limamin cocin Methodist ne, daga ƙabilar Mbundu. Ya yi karatun likita a Koyimbra da Lisbon, inda ya haɗu da 'yan gurguzun Fotigal da ke adawa da Salazar a ɓoye, ya kuma sha ɗauri. Mawaƙi ne mai rubutu da harshen Fotigal, mutum mai ƙarancin magana, wanda ba ya son a ja da shi. Cikin 1960 'yan sanda suka kama shi a ɗakin da yake duba marasa lafiya, da mutanen garinsu suka fito nuna rashin yarda sai aka buɗe musu wuta. Ya tsere daga Fotigal cikin 1962, a shekarar aka ɗora shi kan shugabancin MPLA. Ƙarfin ƙungiyar yana Luanda da kewayenta, cikin 'yan boko da ma'aikata da 'yan ruwa biyu, har da wasu farar fata. Wannan ne abokan gabanta suka riƙa yi mata gori da shi, suna cewa ƙungiyar 'yan birni ce waɗanda ba su san wahalar ƙauye ba.

Na biyu Holden Roberto, shugaban FNLA, an haife shi cikin 1923 a tsohon babban birnin daular Kwango da ke arewacin Angola, daga ƙabilar Bakongo. Tun yana ƙarami aka ƙetare da shi zuwa Kwangon Beljiyam, can ya yi makarantar mishan ta Baptist, can ya yi aikin akawu, kusan can ya yi yawancin rayuwarsa. Ya halarci taron jama'ar Afirka da Nkrumah ya kira a Ankara ta ƙasar Gana cikin 1958, ya saba da Patrice Lumumba. Mutanensa ne suka tayar da boren Maris na 1961. Cikin 1962 ya kafa gwamnatin gudun hijira a birnin da ake kira Kinshasa yanzu, Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta amince da ita na ɗan lokaci. Ya ƙulla surukuta da gidan Mobutu na Zayar, hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA kuma tana ba shi ɗan abin sa wa a aljihu tun farkon shekarun 1960. Amma duk da wannan, cikin 1974 ƙasar Sin ta Mao ce ta aiko masa da makamai da masu horar da soja sama da 100, don kawai ta ƙuntata wa Rasha.

Na uku Jonas Savimbi, shugaban UNITA, an haife shi cikin 1934. Ubansa shugaban tashar jirgin ƙasa ne a layin dogo na Benguela, mai wa'azi kuma, daga ƙabilar Ovimbundu wadda ta fi kowace yawa, wajen sulusin jama'ar ƙasar. Ya yi karatu a Fotigal da Suwizalan. Allah ya ba shi baki, yana jin harsuna da dama, in ya hau dandamali ya yi wa talakawa jawabi da harshen Umbundu sai su ji kamar su bi shi har bangon duniya. Da fari yana tare da Roberto a matsayin ministan harkokin waje, amma cikin 1964 a Alƙahira ya raba gari da shi, yana zarginsa da ƙabilanci da zama ɗan koren Amurka. Ya tafi Sin ya koyo yaƙin sunƙuru irin na Mao, ya dawo ya kafa UNITA cikin 1966 a dajin gabashin Angola. Cikin 1974 wata mujalla a Faris ta buga wasu wasiƙu da ke nuna cewa ya yi yarjejeniyar ɓoye da sojan Fotigal don su haɗu a kan MPLA. Shi dai ya musanta har ya mutu.

Mai karatu ya dubi wannan jeri da kyau. Mutumin da daga baya za a yi wa kirari a Washington da gwarzon yaƙi da kwaminisanci, almajirin Mao ne. Wanda CIA ke ciyarwa kuwa, 'yan gurguzun Sin ne ke horar masa da soja.

Shekarar 1975

Ran 25 ga watan Afrilu 1974 ƙananan hafsoshin Fotigal, waɗanda suka gaji da mutuwa a dazuzzukan Afirka, suka kifar da gwamnati a Lisbon. Cikin Janairu 1975 aka tara shugabannin uku a garin Alvor, suka sa hannu kan yarjejeniyar kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ta haɗin gwiwa, da rundunar soja ɗaya, da zaɓe, sa'an nan mulkin kai ran 11 ga watan Nuwamba. Tawadar ba ta bushe ba aka soma harbe-harbe a unguwannin Luanda. Jomo Kenyatta ya sake tara su a Nakuru cikin Yuni, suka sake rantsuwa, suka koma gida suka ci gaba daga inda suka tsaya. Cikin Yuli MPLA ta kori FNLA daga babban birnin, UNITA ta janye zuwa Huambo. Kowa ya fahimci cewa wanda ke riƙe da Luanda ran 11 ga Nuwamba shi ne gwamnati.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rasha ta ƙara yawan makaman da take aika wa Neto. Cikin Yuli Shugaba Ford na Amurka ya amince da wani shirin ɓoye na CIA wanda ya ci wajen dala miliyan 32 don taimakon Roberto da Savimbi ta hanyar Zayar. Mobutu ya ba da sojojinsa. Tsakiyar Oktoba kuma rundunar gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta kutso daga Namibiya da motoci masu sulke, tana cin gari bayan gari a gefen teku, ta nufi Luanda. Ganin haka Fidel Castro na Kiyuba, wanda da ma yana da masu horarwa a ƙasar, ya yanke shawara a farkon Nuwamba ya aiko da mayaƙa ta sama da ta ruwa.

Ran 10 ga watan Nuwamba Roberto ya yi niyyar shiga Luanda kafin tsakar dare. Ya taho da mutanensa da sojojin Zayar da wasu Turawan Fotigal, manyan bindigogin Afirka ta Kudu suna rufa masa baya. Masu ba shi shawara sun gargaɗe shi kada ya bi miƙaƙƙiyar hanyar da ta ratsa fadama a Kifangondo, wajen kilomita 30 daga birnin, amma ya ƙi ji. Suna shiga fadamar aka yi musu ruwan rokoki daga kan tudu, runduna ta watse, kowa ya yi ta kansa. Daga ranar FNLA ba ta ƙara tashi ba. A wannan yinin ne babban wakilin Fotigal, Admiral Leonel Cardoso, ya sauke tutar ƙasarsa, ya ce ya miƙa mulki ga jama'ar Angola, bai ambaci sunan kowace ƙungiya ba, ya shiga jirgin ruwa ya tafi. Da tsakar dare Neto ya yi shelar kafa Jamhuriyar Jama'ar Angola, abokan gabansa kuma suka yi shelar tasu a Huambo. Turawa wajen 300,000 suka fice daga ƙasar, suka bar ma'aikatu da asibitoci da gonaki ba masu gudanarwa.

Matsayin Nijeriya

Da fari Nijeriya tana kan ra'ayin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ne, watau a kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa ta ƙungiyoyin uku. Amma da ta tabbata cewa sojojin wariyar launin fata suna cikin Angola suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa da UNITA da FNLA, sai gwamnatin Janar Murtala ta juya. Ran 25 ga watan Nuwamba 1975 ta amince da gwamnatin MPLA, ta ba ta gudunmawar dala miliyan 20, ta kuma aika da wakilai ƙasashen Afirka don neman goyon baya. Kanar Joseph Garba ne Kwamishinan Harkokin Waje a lokacin.

Shugaba Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman su ɗaura janyewar Afirka ta Kudu da janyewar Kiyuba da Rasha. Gwamnatin Nijeriya ta ba jaridu wasiƙar suka buga, ta kira ta cin mutunci. Ran 11 ga watan Janairu 1976, a taron gaggawa na Adis Ababa, Janar Murtala ya tashi ya yi jawabin da har yau ake tunawa da shi, inda ya nuna cewa Afirka ta kai munzali, ba za ta ƙara karɓar umurni daga wata babbar ƙasa ta waje ba. Taron ya tashi ƙasashe 22 nan, 22 can. Amma guguwar ta riga ta juya, ran 11 ga watan Fabrairu ƙungiyar ta karɓi Angola ta Neto a matsayin wakiliya. Bayan kwana biyu aka kashe Murtala a Ikko. A can Amurka kuwa majalisa ta hana gwamnati ci gaba da ba da taimakon ɓoye, Afirka ta Kudu ta ga an bar ta ita kaɗai, ta janye a ƙarshen Maris. A lokacin sojojin Kiyuba a Angola sun kai 36,000.

Gida Bai Kwanta Ba

Nasara ba ta kawo wa MPLA kwanciyar hankali ba. Ran 27 ga watan Mayu 1977 Nito Alves, tsohon ministan cikin gida wanda talakawan unguwannin Luanda ke so, ya yi yunƙurin juyin mulki. Shi ma ɗan gurguzu ne, yana ma ganin ya fi Neto riƙo da aƙidar. Sojojin Kiyuba suka taimaka aka murƙushe shi cikin sa'o'i kaɗan, sa'an nan aka shiga farautar duk wanda ake zato nasa ne. Dubban mutane, yawancinsu matasa 'yan jam'iyyar, aka kashe ba tare da shari'a ba. Sai cikin 2021 Shugaba João Lourenço ya fito ya nemi gafarar jama'a da sunan gwamnati. A ƙarshen 1977 MPLA ta ayyana kanta jam'iyyar ma'aikata mai bin tafarkin Markis da Lenin.

Neto ya rasu a wani asibiti a Mosko ran 10 ga watan Satumba 1979. Wanda ya gaje shi, José Eduardo dos Santos, ɗan shekara 37 ne, injiniyan man fetur da ya yi karatu a Baku ta Tarayyar Sobiyet. Manyan jam'iyya sun zaɓe shi ne suna zaton mai sanyin hali ne da za su juya yadda suke so. Ya shekara 38 a kan mulki.

Savimbi kuwa ya kutsa daji da 'yan tsirarun mutane cikin 1976, kowa na cewa tasa ta ƙare. Afirka ta Kudu ce ta tashe shi, domin tana bukatar wanda zai tare mata mayaƙan SWAPO na Namibiya da ke da sansani a kudancin Angola. Ya kafa hedkwata a Jamba, can ƙuryar kudu maso gabas, ya tuɓe rigar Mao ya sa ta dimokuraɗiyya da kasuwa. Cikin 1985 majalisar Amurka ta soke dokar hana taimako, cikin Janairu 1986 Shugaba Reagan ya karɓe shi a fadarsa, aka soma ba shi makamai masu kakkaɓo jiragen sama. A Jamba ɗin nan kuwa, kamar yadda tsofaffin na hannun damarsa suka fallasa daga baya, cikin 1983 ya sa aka ƙone mata da rai a bainar jama'a bisa zargin maita, cikin 1991 kuma aka kashe Tito Chingunji, wakilinsa a Washington, tare da iyalinsa.

Ga wani abin al'ajabi na wannan zamani. Kuɗin da gwamnatin gurguzu ta Luanda take sayen makaman Rasha da su, daga man fetur na Kabinda suke fitowa, kamfanin Amurka na Gulf, wanda Chevron ya saye daga baya, shi ke haƙo shi. Sojojin Kiyuba suna cikin masu gadin yankin. Cikin Mayu 1985 aka kama wani kyaftin na Afirka ta Kudu, Wynand du Toit, ya zo da mutanensa su fasa tankunan man wannan kamfani. Watau 'yan gurguzu na tsaron dukiyar jari-hujja, abokan jari-hujja na neman su cinna mata wuta.

Babban karo ya zo cikin 1987 da 1988. Sojojin gwamnati, bisa shawarar hafsoshin Rasha, suka nufi Mavinga don su buɗe hanyar Jamba, Afirka ta Kudu ta tare su a kogin Lomba ta yi musu mummunar ɓarna. Suka ja da baya zuwa Kwito Kwanabale, Castro ya aiko da ƙarin soja har adadinsu ya kai wajen 50,000, aka yi watanni ana ɓarin wuta, garin bai faɗi ba. Kowane ɓangare ya ce shi ya yi nasara, har yau ana gardama. Abin da ba a gardama a kansa shi ne sakamakon: ran 22 ga watan Disamba 1988 aka sa hannu a New York, Afirka ta Kudu ta yarda ta saki Namibiya, Kiyuba ta yarda ta kwashe sojojinta. Namibiya ta sami 'yanci ran 21 ga watan Maris 1990, sojan Kiyuba na ƙarshe ya bar Angola cikin Mayu 1991.

Baƙi Sun Tafi, Yaƙi Bai Tafi Ba

Nan ne gizo ke saƙa. Cikin Disamba 1990 MPLA ta ajiye aƙidar Markis da Lenin. Tarayyar Sobiyet ta rushe cikin 1991. Da a ce aƙida ce kaɗai ake yi wa yaƙi, da nan ya ƙare. An sa hannu kan yarjejeniyar Bicesse cikin Mayu 1991, aka yi zaɓe ran 29 da 30 ga watan Satumba 1992, jama'a suka fito ƙwansu da kwarkwata. Dos Santos ya sami kashi 49.6 cikin ɗari, Savimbi kashi 40.1, Roberto kuwa kashi 2 da 'yan kai. Doka ta ce a je zagaye na biyu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce zaɓen ya yi daidai gwargwado, Savimbi ya ce an yi maguɗi, ya janye janar-janar ɗinsa daga sabuwar rundunar haɗin gwiwa.

An yi zaɓen ne alhali kowane ɓangare yana ɓoye da sojojinsa da makamansa, 'yan kallon soja na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa 350 ne kacal a ƙasar da ta fi Nijeriya faɗi. Tsarin kuma na wanda ya ci ya cinye duka ne, ba a tanadar wa wanda ya faɗi kome ba. A ƙarshen Oktoba faɗa ya ɓarke a Luanda, 'yan sanda da fararen hula da aka raba wa bindigogi suka bi magoya bayan UNITA gida gida, aka kashe mataimakin Savimbi, Jeremias Chitunda, da wasu manyan jam'iyyar. UNITA ta mamaye fiye da rabin ƙasar. An yi kwana 55 ana yaƙi a kan Huambo cikin 1993, aka kewaye Kwito wata da watanni har mutane suka riƙa binne 'yan'uwansu a tsakar gida. A shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 1,000 ke mutuwa kowace rana. Cikin Mayu na shekarar Amurka ta amince da gwamnatin Luanda, ta juya wa tsohon abokinta baya.

Yanzu ba Rasha ba Amurka, sai mai da lu'ulu'u. Gwamnati na jinginar da man da ba a haƙo ba tukuna ta sayi makamai, UNITA na sayar da lu'ulu'un lardunan Lunda ta sayi nata, sau da yawa daga tsofaffin ƙasashen gurguzu na gabashin Turai. An sake sa hannu a Lusaka cikin Nuwamba 1994, Savimbi bai ma halarta ba. Hafsoshin Nijeriya sun yi aiki cikin tawagar sa ido, har Manjo Janar Chris Garuba, tsohon gwamnan Jihar Bauchi, ya shugabanci ɓangaren sojanta. Mai shiga tsakani, Alioune Blondin Beye ɗan ƙasar Mali, ya rasu a haɗarin jirgin sama kusa da Abidjan cikin Yuni 1998, a ƙarshen shekarar yaƙi ya dawo gadan-gadan. Aka sa wa lu'ulu'un UNITA takunkumi, gwamnati ta riƙa kwashe mutanen ƙauyuka don ta hana 'yan tawaye abinci.

Ran 22 ga watan Fabrairu 2002 sojojin gwamnati suka rutsa da Savimbi a dajin lardin Moxico suka harbe shi, yana da shekara 67. Aka nuna gawarsa a talabijin. Cikin mako shida, ran 4 ga watan Afrilu, hafsoshin ɓangarorin biyu suka sa hannu kan tsagaita wuta, aka yi afuwa, aka ɗauki wasu mayaƙan UNITA cikin sojan ƙasa, ƙungiyar ta koma jam'iyyar siyasa. Farfesa Ibrahim Gambari ne wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya sa ido kan ƙarasa aikin. Yaƙin da manyan ƙasashe da tarurruka suka kasa kashewa, mutuwar mutum ɗaya ta kashe shi.

Hisabi

Roberto ya rasu a Luanda cikin 2007, jam'iyyarsa ta zama 'yar ƙarama mai fama da rikicin cikin gida. Dos Santos ya sauka cikin 2017, ya rasu a Basalona cikin 2022, bayan wanda ya gaje shi ya sa an binciki dukiyar 'ya'yansa. Jam'iyyar da ta soma da sunan ma'aikata da manoma ta wayi gari 'yar shugabanta ce aka taɓa kira macen da ta fi kowace arziki a Afirka. Cikin 2019 aka tono Savimbi aka sake binne shi a ƙauyen iyayensa a lardin Bié. A zaɓen 2022 MPLA ta sami kashi 51 cikin ɗari, UNITA kashi 44, har ta cinye Luanda, birnin da aka kori mutanenta daga cikinsa da bindiga. Ta yi ƙorafi, ta tafi kotu, ba ta koma daji ba.

To, ina amsar tambayarmu? A ganin wannan fili, ba daidai ba ne a ce aƙida ba ta taka rawa ba ko kaɗan. Sojojin Kiyuba sama da 2,000 da suka mutu a Angola ba su zo neman rijiyar mai ba. Barazanar mulkin wariyar launin fata kuma gaskiya ce, da Afirka ta Kudu ta naɗa nata a Luanda cikin 1975, da 'yancin Namibiya ya daɗe bai zo ba. Ta wannan fuska shawarar Janar Murtala ta yi daidai, Nelson Mandela da kansa ya yaba wa Kiyuba kan rawar da ta taka sa'ad da ya ziyarce ta cikin 1991.

Amma ga shugabannin Angola kansu, aƙida ta fi kama da rigar da ake sawa don a je roƙon makamai. Savimbi ya sa ta Mao ya tuɓe, ya sa ta Reagan. Roberto ya karɓa daga hannu biyu. MPLA ta ajiye Markis ran da Rasha ta daina biya, ta riƙe kujera. Abin da bai taɓa canzawa ba tun daga Alvor har zuwa Moxico shi ne, ba wanda ya yarda ya zama na biyu, kowane kuma yana da ƙabilar da zai gaya wa cewa in ɗayan ya hau to sun shiga uku. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Da masu kayan suka karɓe abinsu cikin 1991 sai abin da ke ƙasa ya bayyana, mafi munin kisan kuwa bayan nan aka yi shi.

Manomin Huambo da na Kwito, wanda ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa kan Markis ko kasuwa ba, shi ya biya bashin. Shekaru da yawa bayan an daina harbi ana ta tono nakiyoyin da aka binne masa a gona, ƙasar kuma tana cikin waɗanda suka fi yawan guragun nakiya a duniya. Mu da muka ɗanɗana namu yaƙin basasa na wata 30, daga 1967 zuwa 1970, ya kamata mu fi kowa sanin darajar a ba wanda ya faɗi zaɓe wurin zama, a kuma yi hattara da ɗan siyasar da ke cewa in ba shi ba sai dai kowa ya rasa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa Mozambik, mu ga yadda ta fita daga nata yaƙin cikin 1992. Mu kwana nan.